Yadda Za Ka Ɗauki Hoton da Za a Riƙa Gogewa Kullum da Safe

Kai da ka gaji da ɗaukar hoto da waya kamar kowa da kowa, matso kusa. Ni ne Muntaka, mai albasa a Kasuwar Ose Okwodu ta Anacha, kuma na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, za ka ɗauki hoton da za a sa a firam, a rataye a bango, a riƙa goge shi kowace safiya. Ba cika baki nake ba. Nawa yana nan a ɗakin Ummata, saman gadonta, kuma tun ranar da aka rataye shi bai taɓa wuni ba a goge shi ba. Sha'aibu mai hoto ya shekara ashirin yana sana'a a unguwarmu. Je ka tambaye shi ko akwai hotonsa guda da ake yi wa irin wannan hidima.

Mataki na ɗaya: Nemi dalili mai nauyi

Kada ka yi gigin shiga gida da ƙatuwar kyamara a wuya babu dalili. Mata suna da wata tambaya da ba ta da amsa: "Wayarka ba ta hoto ne?" Saboda haka ka tanadi abin da zai rufe bakin kowa.

Ni Allah ya kawo mini nawa har gida. Matata Ni'imatu ta samu juna biyu, cikin fari, Umma kuwa tun ranar da ta ji ta fara tsara waɗanda za su zo suna. Su Umma su uku ne a wurin iyayensu, duk mata, aure ya warwatsa su a kudu. Babbarsu, Inna Baiwa, tana Fatakwal, ta tsufa tana sayar da kayan miya a kasuwar Mile 3. Umma tana nan Anacha. Autarsu, Inna Maijidda, tana Ogui a Inugu. Garuruwa uku da ba su kai tafiyar yini ba, amma shekara goma sha huɗu rabon da su ukun su zauna a tabarma ɗaya. In wannan ta zo, waccan na jinya, in waccan ta warke, ɗayar na takaba. Ga shi Inna Baiwa ƙafa ta ƙi, ɗanta ya ce daga wurin sunan nan zai wuce da ita gida Wudil, ta bar kudu ke nan.

Hoton da suke da shi tare guda ɗaya ne, na 'yanmatanci, shi ma ruwa ya ci shi shekarar da kogi ya shigo mana gida. Umma ta ce, "Muntaka, ni ba na son komai a sunan nan, ba atamfa ba komai. Hoto ɗaya nake so, ni da Yaya da Maijidda, in rataye."

Na ce, "Umma, ki bar mini wannan." To ka ji dalili. Bayan wannan wa zai sake tambayarka zancen waya?

Mataki na biyu: Sayi wadda ta fi nauyi

Je layin masu kayan lantarki ka ce DSLR kake so. Faɗi haruffan a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar ka san abin da kowanne yake nufi. Ita ce baƙar nan mai ƙaton hanci, wadda ake kwance mata gilashin gaba, lens ke nan, a ɗaura wani. A cikinta akwai ɗan madubi da ke tashi ya koma duk lokacin da ka danna, shi ke ba da ƙarar nan, ƙwaras! Wannan ƙarar kake saya, sauran duk gyara ne.

Zaɓe ba shi da wuya. Ni albasa nake sayarwa, na san abin kirki a tafin hannu ake gane shi. Ebuka mai shagon ya jera mini 'yan tokumbo guda huɗu, na ɗaga kowacce na jinjina, na ɗauki wadda ta fi sa mini ciwon wuyan hannu. Ya ce, "Oga Malam, you sabi better thing." Wato shi ma ya ga alamar gwani.

Kafin in fita ya gaya mini wani sirri. Ashe kowace irin wannan kyamara akwai adadin ƙyastin da aka yanka mata a rayuwa, in ya cika sai cikinta ya gaji. Ya ce tawa ta ci rabi, saura dubu hamsin. Dubu hamsin ɗin ban ji shi sosai ba. Kalmar "saura" ce ta zauna mini a rai.

Mataki na uku: Koyi magana da tsayuwa

A saman kyamarar akwai ɗan faifai da ake murzawa. Inda aka yi wa koren fenti, nan ne take yi maka komai da kanta, hoto ya fito tas. Kada ka kuskura! Wannan na yara ne. Murza shi zuwa harafin M, inda komai ya dawo hannunka. A gefen lens ma akwai ɗan maɓalli da ke sa ta nemo fuskar mutum da kanta. Kashe shi. Magidanci ba ya barin inji ya zaɓar masa abin da zai kalla.

Sai magana. In aka nuna maka hoto a waya, ɗan yamutsa fuska ka ce, "Ba laifi, amma ISO ya yi yawa." Ba wanda zai tambaye ka mene ne ISO, kowa na tsoron a ce bai sani ba. Na taɓa faɗa wa hoton ɗaurin auren ƙanen limaminmu haka, liman da kansa ya ce Allah ya ƙara basira.

Tsayuwa kuwa, ka durƙusa da gwiwa ɗaya, ka kanne ido, ka ɗaga gwiwar hannu sama. In za ka hau okada, juyo da kyamarar gaba, kada ta ɓuya a bayanka jama'a su yi asara. Cikin sati biyu 'yan Ose suka daina ce mini Muntaka mai albasa, suka koma Muntaka ɗan jarida.

Mataki na huɗu: Kada ka ɗauki hoto

Nan ne yawancin masu koyo suke faɗuwa. Su sayi kyamara, su hau ɗaukar kaji da gajimare da yatsun ƙafarsu, wai suna gwada hannu. Almubazzaranci! Kowane ƙwaras ka ji, kwanan kyamararka ne ya ragu. Ni a watan farko guda tara na ɗauka: buhun albasa sau bakwai, kyanwar maƙwabta sau ɗaya, sai rufin ɗaki, wanda shi hannuna ne ya goce.

Ni'imatu ta ce, "Maigida, ɗauke ni mana ka saba da ita kafin ranar."

Na ce, "Ke da kike nan kullum?"

In an matsa maka, akwai mafita. Ɗaga kyamara, leƙa, murza wani abu, sannan ka sauke ka girgiza kai ka ce, "Hasken bai yi ba." Wannan amsa ba ta da lokaci. Da safe rana ba ta nuna ba, da azahar ta yi yawa, da la'asar ta wuce. Gwanin gaske a yawan hoton da ya ƙi ɗauka ake gane shi.

Mataki na biyar: Adana ta yadda iyaye suka koya mana

Da damina ta kankama na ga ba zan bar dukiya a fili ba. Mu mun gaji ajiyar abu mai daraja. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, babbar rigar aurensa ta shekara talatin a akwati can Wudil, ranar da aka fito da ita ko ƙanshin turaren bai tafi ba. To haka za ka yi. Naɗe kyamarar a tsohon rawani. Saka a leda, ƙulle. Saka a wata ledar, ƙulle. Sannan ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin kayan sallah, ka tura shi can ƙuryar gado, jikin bangon nan mai sanyi.

Wata rana Sha'aibu mai hoto ya tsaya a rumfata sayen albasa, ya ce, "Muntaka, ina ƙatuwar? Kwana biyu ban gan ta a wuyanka ba."

Na gaya masa inda take, ina jiran yabo.

Sai ya ajiye albasar da ke hannunsa. "A leda? A Anacha? Da damina? Haba, Muntaka! Kai da ko albasarka ba ka yarda ta kwana a ƙulle. Nan ba Wudil ba ne. Fito da ita ta sha iska, ka sa mata 'yan ƙullin nan masu shanye danshi, ka riƙa ɗauka ko sau ɗaya ne a sati."

Maganar albasa dai gaskiya ce. Duk ɗan Ose ya san in mota ta sauke kaya daga arewa, ka bar buhu a ɗaure kwana uku a iskar garin nan, to ruwa za ka kwashe. Ni kaina kullum sai na kwance, na baza a kan katako, na bi ɗaya-ɗaya ina juyawa. Amma don Allah ina haɗin injin ƙasar waje da albasa? Kuma ka lura da wanda ke ba da shawarar: mutumin da kake shirin karɓe wa kasuwa. Na ƙara masa albasa biyu gyara don ya kama gabansa. Kyamara ta yi wata biyar a akwati, ko ƙyasti ɗaya ban yi asara ba.

Mataki na shida: Ranar aiki, share fili

Ni'imatu ta sauka lafiya, mace, aka raɗa mata Mahbuba. Ana gobe suna 'yan'uwan Umma suka iso. Inna Baiwa da busasshen kifi daga Fatakwal, ana riƙe da ita a kafaɗa. Inna Maijidda da ƙullin okpa, alalen gurjiyar nan na Inugu, tun daga bakin ƙofa take faɗa da mai okada cikin Ibo. Ko ruwa ba su gama sha ba suka tayar da shari'ar wadda ta fasa tulun mahaifiyarsu shekara hamsin da suka wuce. Wallahi tun da aka haife ni ban taɓa jin Umma ta yi irin wannan dariya ba, har da riƙe ciki.

Inna Baiwa ba ta son hoto, kowa ya sani. Da aka gama raɗin suna aka yanka rago, na je na durƙusa na gaya mata lokaci ya yi. Ta ce, "Don Hadijatu zan zauna," wato Umma. "Sau ɗaya, Muntaka. Kuma kada a cika mini ido da wayoyin nan."

Ka ji dama ta samu, kada ka bari ta wuce. Na tsaya tsakar gida na yi shela cewa Inna ta hana waya, na ƙara da nawa cewa hasken waya yana rikita babbar kyamara. Mata suka mayar da wayoyi jaka. Na hango Ni'imatu tana zaro tata daga ƙarƙashin tawul ɗin jaririya, na aika mata harara, ta mayar. Sha'aibu ya zo barka da 'yar kyamararsa a kafaɗa, na tare shi tun daga zaure na ce, "Yau kai baƙo ne," na zaunar da shi cikin maza, na tura masa faranti. Fili ya zama nawa ni kaɗai.

Mataki na bakwai: Sa rana a bayansu, kuma kada ka duba allo

Sha'aibu kullum yakan sa rana a bayansa shi. To ka yi akasin haka, don a san akwai bambanci. Na zaunar da su a benci rana na dukan ƙeyarsu. Inna Baiwa a tsakiya da shuɗin mayafi, Umma a dama da ruwan goro, Inna Maijidda a hagu da kore.

Da safen nan na kwance ledojin. Wani ɗan wari ya tashi, irin na rumfa bayan an kwana ana ruwa, amma ban kula ba. Na durƙusa da gwiwa ɗaya na leƙa, sai na ga komai fari-fari, dishi-dishi. Na goge idona. Na goge bakin lens da hannun riga. Yana nan. Na waiga na ga mata na babbake kan rago, na ce af, hayaƙi ne. Na murza lens har na ji hannuna ya gamsu.

Ƙwaras!

Kafin na biyu, Inna Maijidda ta raɗa wa Inna Baiwa wani abu a kunne, ina jin zancen tulun nan ne. Su ukun suka fashe da dariya lokaci guda. Na ɗago kai na kalle su ta saman kyamara. Inna Baiwa ta saki baki har wushiryarta ta fito, hannunta a kan gwiwar Umma, Umma ta kwantar da kai a kafaɗarta. Ni kaɗai nake gabansu, ni kaɗai na ga wannan. Na danna.

Na ƙara na uku don ihsani, na miƙe. Yanzu ka saurara da kyau: a bayan kyamara akwai allo da ke nuna abin da ka ɗauka. Kada ka duba. Na ji a bidiyo cewa 'yan koyo ne suke dubawa bayan kowane ƙyasti, don haka tun farko na kashe nawa.

Umma ta ce, "Ya yi?"

Na ce, "Umma, ya wuce yi."

Inna Maijidda ta miƙo hannu. "Kawo mu gani mana, ɗan nan."

Na ce, "Inna, irin wannan ba a ganinsa sai an wanke." Na mayar da kyamara leda na ƙulle.

Mataki na takwas: Kada ka yi gaggawar wankewa, in ya fito kuma ka sa masa suna

Gaggawa tana zubar da girman gwani. Washegari aka sa Inna Baiwa a motar arewa, Inna Maijidda ta koma Inugu. Ni kuwa sai da na kwana huɗu ina karɓar yabo kafin na ɗauki kyamara zuwa shagon Sha'aibu.

Ya zare memori ya sa a kwamfuta. Hotunan suka fito.

Launi uku ne a cikin farin hayaƙi: shuɗi, ruwan goro, kore. Ba ido, ba hanci, ba wushirya. Abin da ya ɗan fito a hoton duka shi ne wata buta da ke kan katanga can bayansu. Duka ukun haka suke.

Sha'aibu ya kwance lens ɗin ya ɗaga shi saitin ƙofa, ya ce in leƙa. Cikinsa cike yake da wasu fararen zaruruwa kamar saƙar gizo. Ya ce, "Fumfuna ce, irin wadda ke kama burodi. A ciki take, ba a waje ba. Ga shi ka sa musu rana a baya, ga shi ka saita a kan buta."

Na ce, "Ana gyarawa?"

Ya ce, "Lens ɗin wataƙila. Hoton a'a."

Duk da haka bawan Allah ya yi fiye da awa yana ja yana murzawa a kwamfuta, shuɗin ya ƙara shuɗi, butar ta ƙara fitowa. Bai ce mini "ai na gaya maka" ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini zafi a kan ya faɗa.

To a irin wannan hali ga abin yi: ka ce salo ne. Ka ce a ƙasashen waje da gangan ake yin haka. Na gwada a kan Sha'aibu. Ya dube ni ya ce, "Wane girman firam kake so?"

Mataki na tara: Kai wa mai shi

Na zaɓi na biyun, na dariyar. A hanya na shirya gaskiya tsaf, zan durƙusa in ce Umma na ɓata. Ta karɓa da bisimilla. Ta kai shi nesa, ta kawo shi kusa, ta sa tabarau, ta cire. Can ta ɗora yatsa a tsakiya ta ce, "Ga Yaya nan, mai shuɗi." Sai ta shafa gilashin da gefen mayafinta. "Danshin garin nan ne ya kama gilashin. Bari, zan riƙa gogewa."

Gaskiyar da na shirya na mayar da ita ciki. Na ce a raina ba komai, da babbar sallah zan kai Umma Wudil, mu biya Inugu mu ɗauki Inna Maijidda, in sa Sha'aibu a gaban mota, a sake. Har na gaya wa Ni'imatu, ta ce ita ma da wayarta za ta, ko da za a harare ta.

Saura sati uku sallah aka bugo waya daga Wudil. Inna Baiwa ta rasu, bayan azahar, ba wata doguwar jinya.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka a rumfa cikin albasa, kuma kowa ya san ba albasar ba ce. Na yi wa Inna kuka, na yi wa Umma, na yi wa ƙyasti dubu arba'in da tara da ɗari tara da wani abu da na adana ban san wa nake adana wa ba.

Sanarwa

Ni Muntaka ba ni da alhakin komai da zai biyo bayan bin waɗannan matakai. In wuyanka ya sage saboda nauyi, ba ruwana. In matarka ta daina ce maka ɗan jarida sai in tana son tsokana, ku kuka sani. Masu yaɗa cewa yanzu kyamarata a ƙusa take rataye cikin rumfa tana shan iska tare da albasa, faifanta a kan kore, kuma wai ina ɗaukar Mahbuba sau talatin kafin ta gama hamma ɗaya, su kawo shaida.

Alkawarin da na yi dai na cika: za a rataye, za a goge. Amma in ka shiga gaisuwa da safe ka tarar da mahaifiyarka a durƙushe a kan gado, tana hura wa gilashi numfashi tana murza shi da gefen mayafi, ta juyo ta ce maka, "Muntaka, zo ka duba, yau kamar bakin Yaya ya fara fitowa," to amsar da za ka ba ta ba ta cikin darasin nan, ka nemi taka.

Ni dai nakan matsa kusa in duba sosai, in ce, "E, Umma. Dariya take yi."